Yadda Na Daidaita Jif Don In Kai Uwarku Gida

Ba zan tsaya jera muku makarantun da na yi ba, don ba su da yawa, ba kuma zan lissafa muku garuruwan da na yi tuƙi ba. Kun san ni direba ne, kun san hannuna ya iya ƙasan mota. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya faru a daminar da uwarku Rakiya ta rasu, kuma shi nake so in rubuta tun idona yana ganin layin takarda. Sa'adatu, ke ce babba, ke ce ma'aikaciyar jinya a gidan nan, saboda haka yawancin maganar taki ce. Kabiru da Maryam, ku ma ku karanta, don na san abin da yayarku ta riƙe shi kuka riƙe. Kun ɗauka ni na yanke shawarar ɗauke uwarku daga kusa da asibiti na kai ta ƙauye, ko don na gaji da zirga-zirga, ko don dangi sun cika mini kunne da zancen maganin gargajiya. Na bar ku a kan haka shekara shida. Ba haka aka yi ba.

Sai na fara da motar. Jif ɗin nan da ke ƙofar gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, ita na tuƙa shekaru da dama ina kai ma'aikatan rigakafi ƙauyukan da ƙaramar mota ba ta shiga. Da wurin aikin suka tashi rabuwa da tsofaffin motocinsu, na roƙa aka sayar mini da ita, don na san duk wani tari da take yi. Aibinta ɗaya ne: ta karkace. Akwatunan ƙanƙara da ƙaramin janareto kullum a bayanta na hagu ake jibge su, har wannan ɓangaren ya zauna. In ka tsaya a bayanta sai ka ga kamar mutumin da ya ɗauki tulu a kafaɗa ɗaya. Uwarku ta sa mata suna Gurguwa. In za mu biki sai ta ce, “Malam, a Gurguwa za mu, ko in nemi adaidaita sahu in tsira da mutuncina?” Na yi shekara biyar ina cewa zan gyara, ban gyara ba, don motar tana tafiya, ni kuma na saba da ita har jikina ya koyi zama a karkace.

A farkon daminar nan ne likitan da ke duba uwarku a asibitin koyarwa ya kira ni ofishinsa. Mutum ne mai sanyin magana. Ya ce ciwon dajin ya kai ga ƙashin bayanta, abin da ya rage a hannunsu shi ne su rage mata zafi. Na tambaye shi ko ta sani. Ya ce ita ta fara tambayarsa, kuma bai ɓoye mata ba. Aka sallamo ta muka dawo gida, kowane mako muna komawa a karɓo magani. Sa'adatu, kina tashi daga aiki ki zarto nan da farin kayanki, ki yi mata allura, ki juya ta, ki shafa mata mai a baya, sannan ki wuce gidan mijinki a Darmanawa. Ni da ke ba mu taɓa zama mun yi maganar abin da likita ya faɗa ba. Ina ganin kowannenmu yana tsammanin yana kare ɗan'uwansa ne.

Wata ranar Asabar da hantsi, bayan kowa ya fita, ina ba ta kunu da cokali, sai ta ɗaga hannu ta ce ya isa.

“Malam, ina so ka kai ni gida.”

Na ce ai gida take.

“Ka san inda nake nufi. Ɗakin Inna nake so. Ina so in ji ƙarar rafin nan na bayan gida, in ga masara a tsaye. Shekara talatin da biyar ina bin ka duk inda ka ce, ban taɓa cewa ka mai da ni ba. Yau na ce.”

Ƙauyensu kun san shi, can bayan Tudun Wada, inda kwalta take ƙarewa a shiga jar ƙasa da duwatsu. Na ce mata hanyar ba ta biyuwa da damina ga mai lafiya ma, balle ita da in an taɓa gadonta da ƙarfi sai ta cije leɓe. Ta ce ai ni direba ne. Na ce to yara fa? Ta murza bakin zanenta.

“Su ne abin da ya sa na bari sai da suka fita. In Sa'a ta tsaya a gabana ta ce Umma ki zauna, zama zan yi. Ba zan iya ce mata a'a ba. Ka ce kai ka yanke. Kai za ta yi fushi da kai ta huce. In ta san ni na zaɓi in tafi, za ta ɗauka jinyarta ce ba ta ishe ni ba, kuma ba za ta daina tunanin ba.”

Na ce wannan kaya ne mai nauyi take ɗora mini. Ta ce ta sani, shi ya sa ba ta ɗora wa kowa ba sai ni. Na yi mata alkawari.

Da yamma na tara ku na faɗa muku, kamar ni na ga dama. Sa'adatu, ba ki ɗaga mini murya ba, ba tarbiyyarki ba ce. Kin ce, “Baba, a can wa zai yi mata allura? In numfashinta ya sarƙe wa za a kira?” Na ce na riga na yanke. Kika dubi uwarki, ita kuwa ta juya fuska bango. Kika ɗauki jakarki kika ce, “Allah ya ba da sa'a, Baba.” Daga ranar, gaisuwa ce kaɗai take haɗa ni da ke.

Washegari na kai motar garejin Alhaji Ɗanlami a Tarauni. Abokina ne tun muna samari, kuma a kan sifirin, wato jerin fallayen ƙarfen nan da ke ɗauke da bayan mota, ban san wanda ya kai shi ba. Motar da ta karkace ba kyan gani kawai ta rasa ba. Ɓangaren da ya zauna ba shi da sauran wurin lanƙwasawa, duk ramin da taya ta faɗa sai ƙarfe ya daki ƙarfe, dukan ya hau har cikin ƙashin wanda ke kwance a kai. A wannan ɓangaren kuwa uwarku za ta kwanta. Muka tura motar kan daɓen siminti, wuri ɗaya tak da ke shimfiɗe sosai a garejin. Na daidaita iskar tayoyi huɗun, na cika tanki, sannan na auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a saman kowace taya. Bayan hagu ya gaza na dama da yatsa uku. Gaban dama kuma ya ɗaga, don in kusurwa ɗaya ta zauna, wadda ke kallonta sai ta tashi.

Muka ɗaga ta a jak muka kwance sifirin na ɓangarorin biyu. Notocin sun yi tsatsa, sai da muka jiƙa su da baƙin mai muka sa wa sufana dogon bututu. Da muka warware na hagu sai ga falle guda ya tsage biyu, sauran kuma sun miƙe sun rasa gantsarewarsu. Ɗanlami ya zana siffar falle mai lafiya da alli a ƙasa, ya riƙa ɗora kowanne a kan guntun ƙarfen layin dogo yana bugu da guduma, ya ɗauko ya gwada a kan zanen, ya mayar ya ƙara bugu. Yini guda muka yi a kan haka. Da ya gama sai ya jawo wani falle mai kauri daga tarin kayansa.

“Mu ƙara mata wannan a kowane ɓangare. Shekara goma ba za ta sake zama ba, ko buhu ashirin ka ɗora.”

Na ce a'a. In aka ƙara, motar za ta yi tauri, ta riƙa tsalle kamar amalanke.

“To wane irin kaya za ka ɗauka da ba ka son ƙarfi?”

Na faɗa masa. Ya tsaya da fallen a hannu, sannan ya mayar da shi inda ya ɗauko. Ya shiga ɗakin ajiyarsa ya fito da shokazoba guda huɗu, abin nan da ke shanye girgiza, sababbi a kwalinsu, waɗanda ya ajiye wa motarsa. Ya ce masu laushi ne, a sa su. Muka canza duk robobin da ke bakin sifirin, muka shafa giris tsakanin falle da falle don su riƙa zamewa a kan juna ba gardama.

Akwai abin da duk mai gyaran ƙasan mota ya sani: ba a ɗaure notocin ƙarshe mota tana rataye, kuma ba a auna ta wayam. Sai an sauke ta, an ɗora mata nauyin da za ta ɗauka a inda za ta ɗauke shi. Na cire kujerun baya, na shimfiɗa katako da katifa biyu. Ɗanlami ya zauna a mazaunin direba a madadina, don jikinmu ɗaya. Saura nauyin uwarku. Na je shagon da ke kallon garejin na aro buhun shinkafa, na kwantar da shi a kan katifar. Da na ɗaga buhun nan sai hannuna ya gaya mini abin da ban so ji ba. Kullum da safe ni nake ɗaukarta daga gado in kai ta bayi, na san nauyinta. Buhun ya fi ta. Na kwance bakinsa na riƙa ɗiba da kwano ina zubawa a wani buhun, in ɗaga in ji, in sake ɗiba. Sai da na kwashe kwano biyar sannan hannuna ya ce ita ce. Matar da a da take ɗaukar Kabiru a baya da tulun ruwa a ka. Na zauna a bakin ƙofar motar, Ɗanlami kuwa ya ce zai je ya yi alwala, ko da yake lokacin salla bai yi ba, ya daɗe bai dawo ba.

Gaban motar ba sifirin ne ke riƙe da shi ba, wata doguwar sandar ƙarfe ce a kowane ɓangare, mai noti a ƙarshenta. In ka ɗaure notin gaba ya tashi, in ka sassauta ya sauka. Aiki ne na haƙuri. In juya rabin zagaye, mu danna motar ta yi lilo, mu tura ta gaba mu dawo da ita, in sake aunawa. Ranar Talata da la'asar kusurwa huɗun suka zo daidai. Na cika kofi da ruwa na ajiye kusa da buhun, na bi wani lungu mai ramuka a Babban Giji a hankali, na dawo. Ruwan ya yi rawa, amma katifar ba ta jiƙe ba. Aiki ya ƙare a kwana uku.

A nan ne laifina yake, kuma shi ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na kawo motar gida ranar, na shiga na ce wa uwarku da saura. Laraba da safe na mayar da ita gareji. Na sassauta notin da na ɗaure jiya, na sake ɗaure shi. Na auna, na sake aunawa. Alhamis na ce ina jin wata ƙara a baya, muka nema ba mu samu ba, don babu ita. Juma'a bayan masallaci na koma na kwanta a ƙarƙashinta da sufana a hannu, ina kallon ƙarfe, ban taɓa komai ba. Ɗanlami ya tsuguna ya leƙo ni.

“Haruna, babu abin da ya rage a motar nan sai dai ka ɓata ta.”

Na ce ina so in tabbatar.

“Ka tabbatar tun Talata. Fito ka tafi gida.”

Ban fito ba sai da ya tashi. Gaskiyar ita ce na san in na kai ta, ni kaɗai zan dawo. Muddin motar tana gareji, uwarku tana ɗakinta, ina jin tarinta daga tsakar gida, ina kai mata kunu. Asabar ma na koma. Da na dawo da la'asar na same ta an jingina ta da matashi kusa da taga, wadda ke kallon ƙofar gida. Ta bar ni na wanke hannu na zauna.

“Malam, na ga Gurguwa ranar Talata da ka shigo da ita. Tsaye take kamar amarya. Na gan ta Laraba, na gan ta jiya.”

Na sunkuyar da kai.

“Ban ce komai ba, don na san ba motar ce ta rage ba. Amma kwanakin nan da kake kashewa a gareji, ba daga naka kake ɗiba ba, daga nawa ne. Kuma ba su da yawa.”

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta miƙo hannu ta goge mini baƙin mai da ya rage a gefen kunne da bakin mayafinta. Na ce mata jibi. Ta ce gobe.

Da gari ya waye muka shirya. Ƙanwarta, Innarku Ladi, ta riga ta zo daga ƙauye don ta zauna kusa da ita a hanya. Ni da Kabiru muka ɗauko ta a kan bargo. Sa'adatu, ban zaci za ki zo ba, sai ga ki da farin kayanki. Kin yi mata allura, kin ba Inna Ladi takardar da kika rubuta lokutan magani da manyan baƙaƙe, kika maimaita mata sau uku. Sannan kika hau motar, kika danna katifar da tafin hannu ta ko'ina, kika cusa matasai a gefenta ta yadda ba za ta mirgina ba. Kin sumbaci goshinta. Ni kuwa kin ce mini, “A sauka lafiya,” kina kallon ƙasa. Uwarku ta rufe ido tun kafin ki sauka, kuma ba ta buɗe ba sai da muka bar Tarauni. Ba barci take ba. Tsoro take kada ta dube ki ta fasa.

Inda kwalta ta ƙare na tsaya na rage iskar tayoyi don su yi laushi, na sa giyar da ke jan ƙafa huɗu. Tafiyar da a da nake yi cikin sa'a guda, sai da na yi uku. Kowane dutse na san ta inda zan hau shi, kowane rami sai na sa taya ɗaya ta sauka ta fito kafin ɗayar ta shiga. Masu babur suna wuce mu suna waige. Mun ƙetare rafi biyu, ruwa har gindin ƙofa. Kunnena yana baya, ina jiran in ji ta yi nishi. Sau ɗaya na ji muryarta, a kan wani tudu, ta ce wa Ladi ta ɗaga mata kai. Masara ce ta ko'ina, ta yi tsayi ta fitar da gemu. Ta kalla ta kalla, sannan ta ce, “Malam, ashe ka iya tuƙi.” Ladi ta yi dariya har da hawaye.

Kwana ashirin da uku ta yi a ɗakin mahaifiyarta. Ba zan ce muku ba ta sha wuya ba, ta sha. Amma matar da a Kano cokali uku na kunu ke gagararta, a can ta ci gasasshiyar masara rabin goyo, a hankali, ƙwaya-ƙwaya. Da hantsi mukan fito da ita gindin tsamiya, ƙawayenta na ƙuruciya su kewaye ta suna tsinkar rama, suna kiranta da wani suna da ban taɓa sanin tana da shi ba. Na ji ta tana musu da su a kan wadda ta fara faɗawa rafi suna yara. Shekara talatin da biyar ina tare da ita, ban taɓa jin ta yi surutu haka ba.

A rana ta goma sha ɗaya kika iso, Sa'adatu, a bayan babur, laka har gwiwa, da jakar magani a cinya. Kin ɗauki hutu ba ki gaya wa kowa ba. Daga ranar ba ki bar gefenta ba. Ke kika riƙa juya ta, ke kika riƙa jiƙa mata leɓe, kuma a kan cinyarki ta cika, wata Litinin da hantsi, kina maimaita mata kalmar shahada. Kabiru da Maryam kuna hanya, ba ku riske ta ba. Na san wannan ne abin da ya fi yi muku ciwo, kuma ba ni da abin da zan ce a kai sai ku yafe mana, ni da ita.

Bayan addu'ar bakwai muka juyo. Kin zauna a gaba kusa da ni, har Kano fuskarki na wajen taga. Sau biyu na buɗe baki in faɗa miki, sai in tuna alkawari. Na sauke ki a ƙofar gidanki, kika ce, “Na gode, Baba,” kamar yadda ake ce wa direban haya. Tun daga nan ba ki taɓa gaza mini ba. Kina aiko abinci, kina duba mini hawan jini, kina kawo yara ranar Juma'a. Amma hirar da muke yi a da, ni da ke a kan tabarma, ba ta dawo ba, kuma na san dalili.

Uwarki ta ce za ki yi fushi ki huce. A nan kaɗai ta yi kuskure, don ba ta san za ki riƙe abin a ciki ki yi ta yi mini biyayya a kansa ba. Na je wurin limamin unguwarmu na tambaye shi hukuncin alkawarin da riƙe shi ya koma cutar da wanda aka yi shi dominsa. Ya ce in faɗa. Ga shi na faɗa. Jinyarki ba ta gaza ba, 'yata. Ita ce ma ta sa uwarki ta kasa tambayarki, don ta san kalma ɗaya daga bakinki za ta zaunar da ita. Kwana ashirin da ukun nan ita ta nema da bakinta, kuma ta same su yadda take so. Da za a mayar da ni wannan damina, zan sake kai ta, ta wannan hanyar, a wannan motar. Abu ɗaya kawai zan canza. Ranar Laraba za mu tashi, ta samu ashirin da bakwai.